Injin Gas a Hanyar Jibiya: Yadda Sifana Ta Riƙa Bin Farashi

Daga birnin Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta cika kilomita 100 ba. Mota za ta bar Katsina ta miƙa yamma, ta iso Magamar Jibiya inda kwastan da jami'an shige da fice suke, ta karya arewa ta tsallaka Ɗan Isa, kafin fasinja ya gama gyangyaɗi an shiga Maraɗi. Amma a 'yar wannan tazara litar mai tana sauya farashi, kuɗin da ake sayenta da shi ya tashi daga naira ya koma sefa, kuma fiye da shekara 50 ke nan da wuya a nuna lokacin da farashin ɓangarorin biyu ya daidaita ya zauna. Kusan duk wani gyara da bakaniken wannan hanya ya taɓa yi wa injin gas daga wannan bambanci ya samo asali. Abin da ake kwancewa da abin da ake ɗaurawa a garejojin Jibiya da Katsina da Maraɗi, allon gidan mai ne ya riƙa tsara shi, ba littafin kamfanin da ya ƙera motar ba.

Hanyar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su suka kafa daular Maraɗi, shi ya sa har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja layi a tsakanin dangi, ayarin Tilho da O'Shee ya bi ya kafa alamomin iyaka daga 1906 zuwa 1908. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, sai ya zamana hanya mafi sauƙi da gyaɗar ƙasar Maraɗi za ta bi ta ga teku ita ce ta Jibiya, Katsina, Kano, sannan jirgi ya kai ta Ikko. Da raƙuma da jakuna aka fara, lori ya biyo baya. Abin ya tsaya wa Faransawa a rai, har a shekarun 1950 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Opération Hirondelle, suna tallafa wa jigilar kaya ta Parakou zuwa Kwatano don kada arzikin mallakarsu ya riƙa bi ta hannun Ingilishi.

Akwai wani abin mamaki a nan da bai kamata a wuce shi ba. A baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1900, shekara uku bayan injin Rudolf Diesel na farko ya yi aiki yadda ake so a Augsburg ta ƙasar Jamus, an nuna wani ƙaramin injin gas yana gudu da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka, inda gyaɗa ke da yawa amma man fetur sai an yo dakonsa daga ƙetare. Tunanin bai je ko'ina ba. Gyaɗar ta ci gaba da tafiya Turai a buhu, man da ke jan motar da ta ɗauke ta kuma ya ci gaba da zuwa a duro.

Lorin farko-farko da suka yi wannan jigila, irin su Bilhodi da Austin, akasarinsu fetur suke sha, kuma ba ƙaramin sha ba. Mai mota da ke lissafin kuɗin mai a kan kowane tan na gyaɗa bai daɗe ba ya gane cewa injin gas ya fi rangwame. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Sannan injin gas ba ya da fulogi: iska kaɗai yake zuƙa, ya matse ta ninki 17 zuwa 22 har ta yi zafin da man da aka fesa mata zai kama da kansa, alhali injin fetur na wancan zamani bai wuce ninki 7 ko 8 ba. Yawan matsewar nan shi ke sa a tatsi aiki mai yawa daga mai kaɗan, har a wayi gari mota ta rage kwata ko sulusin abin da take sha a kan tafiya ɗaya. A Ingila kamfanin Perkins ya yi suna da wannan sana'a, yana sayar da injin gas da za a ɗora wa lorin da aka haifa da injin fetur. Cire inji sukutum a sa wani, shi ne gyaran tsimin mai na farko da masu lori suka sani, kuma har yau babu wanda ya kai shi tasiri.

Sai Marsandi ta zo ta raba gardama. Lorinta mai gajeren hanci, wanda aka fara ƙerawa a 1959, ya samu sabon inji a 1964, OM352, mai silinda shida da cikin lita 5.7, wanda ke fesa mai kai tsaye a kan fistin maimakon ta wani ɗan ɗaki a gefe, abin da ya ƙara rage masa sha. Wannan ita ce 911, rokar nan mai bodin katako da ta cika kasuwannin Arewa, wadda daga baya aka riƙa harhaɗawa a ANAMMCO ta Inugu, lokacin da Steyr ke Bauci, Fiat ke Kano, Leyland ke Ibadan. A ɗaya ɓangaren iyaka Berliet ta Faransa ce ke da fili, musamman a hannun kamfanin sufurin gwamnati na SNTN. Amma Alhazan Maraɗi, waɗanda Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a kansu a 1986, idonsu a kudu yake, inda kayan gyara ke da araha kuma bakanike ya san injin ciki da bai.

A ƙananan motoci kuwa, labarin ya rabu biyu daidai kan iyaka.

A Najeriya arzikin man fetur na shekarun 1970 ya sa tsimi ya zama abin dariya. Litar fetur ba ta kai kwabo 9 ba a 1973, ta koma kwabo 15 da ɗoriya a 1978, kwabo 20 a 1982. Da kamfanin Fijo ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, 404 da 504 masu shan fetur ya cika ƙasa da su, duk da cewa a Faransa Fijo tana sayar da ƙananan motocin gas tun 1959, kuma injinanta na Indenor sun yi suna wajen juriya. Wa zai sayi mota mai ƙara da hayaƙi da nauyin tashi don ya tsimi abin da bai kai kuɗin goro ba? A Nijar lissafin daban ne. Kafin 2011 ba ta tace ko lita ɗaya, komai shigo da shi ake yi, tankoki su yo dakonsa daga gaɓar teku, kamfanin SONIDEP da aka kafa a 1977 ya rarraba. Kowace lita da inji ya rage kuɗi ce a aljihu. Don haka 504 ta gas, da akori-kurar gas, da Land Cruiser da Hilux na gas suka samu karɓuwa a can fiye da nan.

To amma wanda ke zaune a Maraɗi yana da wata hanyar tsimi da ta fi kowace sifana sauƙi: ya sha man Najeriya. Nan ne aka samu gyaran da ya fi kowanne yawa a tarihin wannan hanya, kuma ba a injin aka yi shi ba, a tanki aka yi. Masu walda suka ƙware wajen faɗaɗa tankin mota, ko su ƙara na biyu a ƙarƙashin but, ko su maƙala wa lori wani dogon tanki a ɗaya gefen shasi. A ƙara wa sifirin ganye biyu ko uku don kada gindin mota ya zauna ya tona asiri. Mota ta shiga Nijar da tanki fal, ta dawo da abin da zai kai ta gidan mai kawai. Abin da aka zuƙe ya koma kwalabe da jarkoki a hannun 'yan ruwa-ruwa a bakin titin Maraɗi, abokan sana'ar 'yan bumburutu na wannan ɓangare. Rufe iyakar da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta yi daga 1984 zuwa 1986, wanda ya haɗu da fari har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari, bai kashe sana'ar ba, hanyoyin daji kawai ya ƙara mata. Faɗuwar naira daga 1986 ta ƙara mata riba. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya rage ribar na ɗan lokaci, sannan ta farfaɗo.

A zamanin Abaca fetur na naira 11, gas na naira 9, wato har lokacin gas ne mai sauƙi. A farkon shekarun 2000, zamanin Obasanjo, gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin gas, ta ci gaba da tallafa wa fetur da kananzir. Daga nan komai ya juye. A 2014 fetur na naira 97, gas na wajen 150. Rangwamen da injin gas ke yi a hanya, gidan mai ya riga ya cinye shi.

Wannan ya zo daidai da lokacin da motocin Kwatano ke kwarara. Tsofaffin motocin Turai su sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, a rubuta cewa Nijar za su, su hau ta Gaya su zo Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga nan 'yan fito su san yadda za su yi da su. Turai kuwa a shekarun nan ta rungumi ƙananan motocin gas hannu bibbiyu, har suka kai kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a can. Sai ga Golf da Sharon da Marsandi da J5 na gas suna isowa ƙasar da ba ta son su. Dillali ya san ta gas ta fi araha a Kwatano, ya kuma san ba za ta yi saurin fita a Katsina ba. Maganin shi ne a kai ta gareji a sauke injin gas ɗin, a nemo na fetur a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna a ɗora, a wanke tanki, a sauya wayoyi. Injin da masana suka ɓata shekaru suna rage masa sha ya koma gefen gareji, ko ya tsallaka Nijar, ko a ɗaura shi a injin niƙa ko janareta. Ta fuskar injiniya wannan ci baya ne. Ta fuskar aljihu kuwa babu wanda zai ce mai motar bai iya lissafi ba.

Manyan motoci ba su da wannan mafita, don babu injin fetur da zai ja tan 30. Su sai suka koma ga kananzir. Shekaru da dama farashinsa na gwamnati naira 50 ne, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gas, kuma injin gas yana ƙona shi ba musu. Matan gida suka riƙa bin layi ba su samu ba, shi kuwa yana tafiya tankin tirela da janareta, wani lokaci da sanin direba, wani lokaci an riga an gauraya tun kafin ya saya. Illar tana ɓoye a cikin famfon mai. Gas yana da maiƙo, kananzir ba shi da shi. Dogon famfon Bosch irin na roka, mai fistocinsa a jere, baƙin man inji ne ke shafe ƙasansa, don haka yana jurewa. Amma kewayayyen famfo irin na Fijo da ƙananan motoci, na Bosch ne ko na Lucas, man da ke bi ta cikinsa shi ne man shafawarsa. A ba shi kananzir na 'yan watanni, sai ya cinye kansa. Tallafin kananzir ya tafi a 2016, wannan dabara ta bi shi.

Kafin nan wani abu ya faru da tsofaffin direbobi ba su taɓa tsammani ba. A Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, haɗin gwiwar kamfanin CNPC na Sin mai kashi 60 da gwamnatin Nijar mai kashi 40, tana tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. Abin da take fitarwa ya fi ƙarfin buƙatar ƙasar a lokacin, musamman gas. Sai tankoki suka fara gangarowa kudu. Fetur na hawa arewa a jarka, gas, wanda a Nijar ake kira gazuwal, na sauka kudu a tanka, a kan titi ɗaya, wani lokaci a rana ɗaya.

Sauran abin da ya biyo baya mutanen Jibiya sun sha shi a jikinsu. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. An rufe iyaka a Agustan 2019, a Nuwamban shekarar kuma hukumar kwastan ƙarƙashin Hameed Ali ta hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Garin Jibiya na ciki. Mutumin da ke zaune a ƙasar da ke haƙo mai ya koma sai ya je Katsina ya sha, ko ya saya a galan da tsada. Ga shingayen jami'an tsaro da suka yi wa hanyar Katsina zuwa Jibiya yawa, kuma duk direba ya san babu abin da ke shan mai kamar a tsayar da mota mai lodi a sake tayar da ita daga giya ɗaya, sau goma, sau ashirin, a tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Amma 2022 ce shekarar da tsimin gas ya zama maganar rai da mutuwa ga masu mota. A farkonta lita tana wajen naira 300. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairu, kafin tsakiyar shekara ta haura 700. A Nijar kuwa farashin gwamnati na nan a sefa 538, wanda a canjin kasuwa na lokacin bai wuce naira 500 da 'yan kai ba. Manyan tankunan nan da aka ƙera don fitar da mai daga Najeriya suka juya, suna shigo da shi. Gidajen man Nijar suka fara ƙafewa, gwamnatin Shugaba Bazoum ta dakatar da fitar da man a watan Yuni, a Agusta kuma ta ɗaga litar gazuwal zuwa sefa 668. Wannan ƙari na cikin abin da ya haifi ƙungiyar M62 da ta fito zanga-zanga a Yamai.

Daga lokacin ne layi ya dawo ƙofar mai gyaran famfo da nozul, sana'ar da a gareji ake ganin ta fi kowace buƙatar natsuwa. Maganar da ake buɗe ciniki da ita kusan ɗaya ce kullum.

“Maigida, motar nan ta fara shan mai.”

“Hayaƙinta wane iri ne, Alhaji? Baƙi ko fari?”

Tambayar ba ta banza ba ce. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, ko nozul na zubarwa maimakon fesawa. Fari na nufin man bai ƙone ba, wataƙila lokacin fesawa ya yi latti ko inji ya rasa matsi. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke haurowa, ringi ya tafi, wannan ba aikin mai famfo ba ne. Sai yaro ya kwanto nozul ɗin, a jera su a faranti cikin gas mai tsabta. Maigidan ya ɗaura ɗaya a bakin na'urar gwaji, wani ɗan famfon hannu mai agogo a kai, ya riƙa danna mariƙin a hankali yana kallon allura tana hawa. Lafiyayyen nozul ba ya buɗewa sai allura ta kai inda aka ƙayyade masa, sama da 100 a ma'aunin bar ga ƙananan motoci, wajen 200 ga roka, sannan ya saki man da wata 'yar ƙara, ya fito kamar hazo. Wanda ya gaji kuwa tun allura ba ta je ko'ina ba zai fara ɗiga, ko ya harba man tsaye kamar bakin buta. A sauya masa baki, a ƙara ko a rage siraran wasa a bayan sifirinsa har allura ta tsaya daidai. Yaran da ke wurin an riga an ja musu kunne kada wanda ya kai hannu gaban feshin, don yana huda fata.

A jikin famfon kuma akwai wani sukuru da kamfani ya ɗaure da waya ya buga wa dalma, wanda ke ƙayyade iyakar man da inji zai samu idan an take totur har ƙasa. Tarihin farashin gas a Najeriya yana rubuce a kan wannan sukuru. Lokacin da mai ke da araha, direbobi ne ke roƙo a buɗe shi, mota ta ƙara ƙarfin jan lodin da ya ninka abin da aka ƙera ta dominsa, ta hau tudu tana turnuƙe bayanta da baƙin hayaƙi. Da mai ya yi tsada, masu mota suka dawo suna cewa a rufe. Rufewar tana taimakawa idan dama an wuce gona da iri, domin baƙin hayaƙi kuɗi ne ke fita ta salansa. Idan aka zarce kuwa, mota ta rasa ƙarfi, direba ya riƙa zama a ƙaramar giya yana kukan inji, abin da aka tara a famfo ya zube a giyabos.

Gaskiyar da masu sana'ar kirki ke faɗa, ko da ba ta yi wa mai mota daɗi ba, ita ce yawancin tsimin da ake samu a tsohon inji ba daga sabuwar dabara yake zuwa ba, daga mayar da shi yadda yake ne tun asali. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, wadda ake kai wa mai faci ya hure ta da iska har ta yage, a ƙi sayen sabuwa. Lokacin fesawa da ya goce. Birkin da ke riƙe taya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska. Lodin da aka tula ya haura kan direba da mita guda yana tare iska, alhali turjiyar iska ninkuwa take yi huɗu idan gudu ya ninka biyu. Daga cikin sauye-sauye na gaske, wanda ya fi amfani shi ne a ba mota doguwar giya: a cire giyabos mai giya huɗu a sa mai biyar, kamar yadda ake ɗauko na 505 a sa wa 504, inji ya riƙa juyawa a hankali a kan gudu ɗaya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Katsina zuwa Maraɗi wannan yana biya.

Akwai kuma al'adu biyu da suka zauna daram ba tare da hujja ba. Ta farko cire tamostat. Da zarar mota ta iso daga Turai sai a ce wannan na ƙasar sanyi ne, a jefar, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Injin gas kuwa sai ya yi zafi, wajen digiri 80 zuwa 90, yake ƙona mai yadda ya kamata. Wanda ke gudu da sanyi da asubahin hunturu yana shan mai fiye da kima, yana kuma cin ringinsa. Inda matsalar take shi ne lagireton da ruwan rijiya ya toshe, ba a wanke shi ba aka kama mai gadin ƙofa. Ta biyu sakin mota a firi a gangara, wani ma har ya kashe inji. Abin da ake tsima bai taka kara ya karya ba, domin injin gas da aka ɗaga masa ƙafa yana cikin giya kusan ba ya karɓar mai. Abin da ake sakawa a caca shi ne birki, musamman a babbar mota da iskar birkinta daga inji take zuwa.

Wani zai ce me ya sa ba za a rabu da waɗannan tsofaffi a sayi sababbin injinan gas masu kwamfuta ba, tunda sun fi tsimi? Sun fi, a kan man da aka ƙera su dominsa. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna irin gas mai yawan farar wuta da 'yan kasuwar Turai ke haɗawa musamman don Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, ta Turai 10 kacal. ECOWAS ta amince da 50 a 2020, amma aiwatarwa ta ɗauki lokaci. Ƙara da ruwa da ƙasar da ke shiga man jarka. Sabon inji mai fesa mai da ƙarfin bar 1,600 ko fiye ba ya yafe wannan. Injekta ɗaya ta lalace, kuɗinta ya sayi nozul ɗin roka gaba ɗaya har da canji. Matatar hayaƙin da ke salansarsa ta toshe, a fasa ta a zubar, hayaƙin ya koma huhun masu talla a tasha. Tsohon famfo kuwa ana kwance shi a kan benci a ƙarƙashin rumfar kwano, a ɗaura, ya tashi.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a 2024. Wata biyu bayan jawabin sojoji suka kifar da Bazoum, aka sake rufe iyaka har Maris na 2024, tireloli suka yi watanni a jere a Magama. Gas ya kai wajen naira 1,600 a farkon 2024 kafin matatar Ɗangote ta fara sayar da nata a 1,200, ta sauko 1,000 a watan Afrilu. A Yulin shekarar gwamnatin sojan Nijar ta rage gazuwal zuwa sefa 618, fetur zuwa 499. Tazarar da ta sa aka riƙa sauke injinan gas shekara 20 ta tsuke, har mai ƙaramar motar haya ya fara tambayar ko wancan injin da aka jingine a bayan gareji yana nan.

Gwamnatin tarayyar Najeriya kuwa ta karkata ga iskar CNG, da shirin da ta ƙaddamar a 2023 da bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano. Juya motar fetur zuwa iskar abu ne mai sauƙi, tunda tana da fulogi. Injin gas ba shi da abin kunna ta, sai dai a bar masa ɗan man da zai riƙa tayar da wutar yana haɗawa da iskar, ko a sauke kansa a rage matsi a huda wa fulogi wuri, aikin da ya fi ƙarfin ƙaramin gareji. Ga tukwanen masu nauyi da ke cin wurin kaya, ga nisan wuraren cikawa daga iyaka.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, ta Jibiya zai bi. Idan ya fara aiki zai iya ɗauke wa tireloli siminti da taki da hatsin da ke tafiya mai nisa. Ba zai shiga Batsari ranar kasuwa ba, ba zai je ƙauyukan Madarumfa ɗauko wake da dabbobi ba. Wannan aiki zai ci gaba da zama na roka da kanta da akori-kura, waɗanda da yawansu sun girmi direbobinsu, kuma masu iya saita famfonsu da hannu suna tsufa, yaransu na karkata ga koyon na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta.